Ranar da Baƙin Mai Ya Cinye Masarar Inna

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da aka zo casar masarar mahaifiyata a gonarmu ta bayan Ƙarfi. Shekarar ce ta fara noma ita kaɗai bayan rasuwar babanmu, kuma masarar nan ita ce abincinmu har wata kaka.

Ƙaninta, wato kawuna, shi ke da injin casa. Mutumin kirki ne, sai dai bai iya ganin araha ya wuce ba. Ya samo jarkar tsohon baƙin mai a wani garejin manyan motoci a Funtua, ya tace da tsumma, ya yi ta ɗura wa injin tun farkon kaka. Da Inna ta ga man yana ɗiga ta yi magana, sai ya yi dariya. "Haba Yaya, mai ai mai ne. Wanda ya ja tirela ne zai gaza wannan ɗan injin?"

Da hantsi aiki ya kankama. Ina gefe ina sheƙa sai na ji ƙauri. Kafin in ɗago, mai ya tsarto kan salansar injin mai zafi, wuta ta kama ɓawon masarar da ke ƙasa, ta haye tarin gaba ɗaya. Na sandare riƙe da ƙwarya. Maza suna ta watsa ƙasa suna duka da ɗanyen ganye, amma busasshiyar masara ba ta jira. Inna ta afka tana jan buhu da hannu, sai da aka rirriƙe ta.

Daga baya makaniki ya kwance injin, ya ciro 'yar robar da ke tare mai, ta kumbura ta yi laushi kamar danƙo. Ya ce a gareji komai a durom ɗaya ake juyewa, har da man birki da kalanzir, su suka cinye ta. Har yau abin yana girgiza ni: roba da ba ta kai awarwaro ba.

A ranar gobarar kuwa, Kawu ya durƙusa gaban Inna yana cewa, "Yaya, ki yafe mani." Ba ta ko dube shi ba, tana ta tona toka tana tsintar ƙwayar da ta tsira a bakin zaninta.

Ranar na gane cewa wanda ya yi wa injinsa rowa ba lallai shi zai ɗanɗana ba. Wani lokaci uwar marayu ce za ta tsuguna cikin toka tana neman abincin 'ya'yanta.