Ranar da Baba Ya Saita Mini Agogon Nutso

In dai da raina, ba zan manta da makon da na sayi agogon nutsona na farko ba, don a makon ne mahaifina ya kusa nutsar da ni a Bahar Maliya alhali yana zaune a kan dardumarsa a unguwarmu ta Ƙuba, a Madina. Allah ya jiƙansa, sau ɗaya ya taɓa hawa teku, yana yaro, lokacin da iyayensa suka ƙetaro da shi daga Sudan a hanyarsu ta zuwa hajji. Ya ce amai ya yi tun daga wancan gaci har wannan, kuma daga ranar suka yi hannun riga da duk ruwan da ya fi ƙarfin buta.

Farkon shekarun tamanin ne, kuɗi sun shigo hannun samarin Madina, kowa da irin haukarsa. Wasu mota, wasu bidiyo, ni kuwa nutso. Wani Bamisire da muke aiki ofis ɗaya, tsohon sojan ruwa, shi ya ja mu. Duk Alhamis sai mu cika mota mu nufi Yanbu, ya ɗaura mana tukunyar iska a baya, mu sa takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa, mu faɗa ruwa muna kallon kifaye suna kallonmu. Da muka ɗan ƙware sai ya ce mako mai zuwa zai kai mu wuri mai zurfi, amma ba wanda zai bi shi sai da agogonsa na kansa. A can ƙasa, in ji shi, iskar da ke bayanka ita ce ranka, agogo kuma shi ke gaya maka lokacin da za ka fara hawowa.

Abokaina sun sayi masu araha, baƙaƙe, na roba, sun huta. Ni na ƙi. Ina son agogon da zai yi aiki a ƙarƙashin teku ranar Alhamis, ranar Asabar kuma in ɗan janye hannun riga a ofis kowa ya san na shigo. Na faɗi haka a gida wajen cin abinci, ai kuwa Baba ya ajiye cokali.

Dole in gaya muku wane ne Baba a harkar agogo. Shi ke riƙe da makullin agogon bangon masallacin unguwarmu, kuma shi da tsofaffin unguwar ba su taɓa yarda da lokacin gwamnati ba. Nasu lokacin na Larabci ne irin na da: rana na faɗuwa, ladan na buɗe baki, ƙarfe sha biyu ta yi. Tunda kuwa rana ba ta faɗuwa a lokaci ɗaya kullum, to kullum da magariba sai an sake saita agogo. Baba yakan bi gidanmu ɗaki-ɗaki yana mayar da duk agogon da ya gani kan sha biyu, har na Inna da ya daɗe da mutuwa. Saboda haka da ya ji zan sayi agogo mai tsada, bai tambaye ni ko ina son rakiya ba.

"Ya waladi, ɗana, da ni za a je," ya ce. "Kai me ka sani game da agogo? Su cuce ka a banza."

Ranar Laraba bayan la'asar muka tafi shagon wani Bahadrame, Balaraben Yaman, a kasuwar da ke kusa da Harami. Mutumin ya shimfiɗa ƙyalle a kan gilashi, ya jera mana agoguna uku kamar mai fito da 'ya'yansa gaisuwa. Idona ya tafi kan na farko, mai ratsin zinariya a jiki. Ban gama miƙa hannu ba Baba ya buge shi.

"Zinariya? Kai amarya ce? Ka mutu a ruwa da haram a hannu, ka ce wa Mala'iku me?"

Na biyu mai batir ne, mai shagon ya ce shi ne sabon yayi, ba ya ƙara minti ba ya ragewa. Baba ya kara shi a kunne, ya daɗe yana saurare, fuska a yamutse.

"Wannan shaƙuwa yake yi," ya ce. "Ba shi da zuciya. Ranar da batirin ya ƙare kana ƙasa, a wajen kifi za ka sayi wani?"

Na so in yi gardama, amma maganar ta shige ni. Sai na uku: ƙarfe zalla, baƙar fuska, nauyi kamar kwaɗon ƙofar shago, da wani zobe mai juyawa a gefen fuskar wanda ake daidaitawa da dogon hannu don ƙirga mintocin nutso. Wannan motsin hannu ke ba shi rai. Baba ya kara shi a kunne, na ga gemunsa ya motsa, alamar murmushi ke nan a wajensa. Mai shagon ya faɗi zurfin da agogon zai iya kaiwa ruwa bai shige shi ba. Baba ya dube ni ya ce, "Me ka ajiye a can?" Daga nan mai shagon ya ƙara da cewa lambobinsa suna haske a duhu. Baba bai yarda ba. Ya ja mayafin kansa ya rufe fuska da agogon gaba ɗaya, ya tsaya a tsakiyar shago kamar mai turaren mura, muna jin muryarsa daga ciki yana "Masha Allah! Masha Allah!"

To a daidai wannan lokacin ne Bahadramen ya jawo ni gefe, ya ɗauki irinsa ya nuna mini ɗan kan da ke gefe, wanda ake saita lokaci da shi. Ya ce wannan ba kamar na sauran agoguna ba ne. Sai ka warware shi kafin ka saita, in ka gama kuma ka danna ka murɗe shi tam kamar murfin kwalba. In ba ka murɗe ba, ka buɗe wa teku ƙofa. Na ce tayyib, na gane. Baba yana ƙarƙashin mayafi yana kallon haske, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya fito ya ce wannan za mu ɗauka. Kuɗin da na biya ba zan faɗa ba, don har yau matata ba ta sani ba.

Muka isa gida dab da magariba. Na zo yin alwala, sai na cire agogon na ɗora a kan taga. Ku duba fa, agogon da aka ƙera don ƙasan teku, ni ina tsoron kada ruwan buta ya fallatsa masa. Na wuce masallaci. Baba ya biyo ni a makare, yana ta walwala.

Da asuba muka kama hanya, muka wuce Bi'ir Ali motocin masu umara suna ta shiga, ni kuma hannuna a waje ta taga don agogo ya sha iska. Sai da muka hau kwalekwale Bamisiren ya kama wuyan hannuna ya duba.

"Esh hada? Mene ne wannan? Agogonka ya haukace? Hantsi ya yi yana cewa ƙarfe uku."

Nan na gane Baba ya bi ta kansa. Na ba su labarin lokacin Larabci, suka yi dariya har kwalekwalen na tangaɗi. Na ce a bar shi haka, ai a ƙasa minti kawai muke bukata. Na juya zoben ya yi daidai da dogon hannu, muka faɗa.

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Duwatsun murjani kamar an gina unguwa, kifaye jajaye da rawaya suna wucewa garke-garke. Nakan ɗan yi gaba in duba agogona, ba don lokaci kawai ba, don in ga yadda yake ƙyalli a cikin ruwa. Duk dubawar da na yi sai in ga da sauran lokaci sosai, har ina yaba wa kaina, ina cewa agogo mai tsada ko lokaci ma albarka yake sa masa. Ma'aunin iskar da ke rataye a gefena kuwa ko kallo bai ishe ni ba. Wa zai kalli wannan mummunan abu yana da sabon agogo?

Can sai Bamisiren ya zo ya yi mini alama da babban yatsa, a hau. Na nuna masa agogona, na girgiza kai. Ya fizgo ma'aunin ya kawo shi dab da gilashin fuskata, allurar ta kwanta a kan ja. Na sake duban agogon da kyau. Hannun daƙiƙa a tsaye yake cak, ga ruwa yana yawo a cikin gilashin. Na ja numfashi, iskar ta zo da ƙyar kamar ana tsotson ta ta cikin kara. Na sake ja, ba komai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Duk addu'o'in da na haddace suka gudu, sai sunan Inna kawai ke yawo a kaina. Mutumin nan ya riƙe ni da ƙarfi, ya cire abin numfashinsa ya cusa mini a baki, in ja in ba shi, ya ja ya ba ni, a haka muka hawo a hankali.

A kwalekwale, bayan na gama aman ruwan gishiri, ya taɓa ɗan kan agogon da yatsa, abin ya juya sakwa-sakwa. Ya zage ni da zagin Misirawa iri-iri, wasu ma ban san ma'anarsu ba sai daga baya. Ni kuwa na riga na san hannun da ya warware shi. Na ƙudura a raina Baba ba zai taɓa sani ba. Zan ce agogo ya lalace, shi ke nan.

Bamisire ne ya ɓata shirin. Ya sauke ni a ƙofar gida, ya ga Baba a zaune, ya fito ya sumbaci kansa ya ce, "Ya ammi, ka yi sadaka, yau ɗanka ya leƙa lahira ya dawo. Agogonsa ya sha ruwa." Inna ta ji daga ciki ta sa salati. Baba ya karɓi agogon, ya girgiza shi a kunne, ya ji ruwa na ƙara. Ya jefa shi a aljihu ya shige gida.

Ranar Asabar ya tasa ni gaba sai shagon. Na yi ta roƙonsa a hanya, na ce ma'alesh Baba, ka yi haƙuri, ni zan je da kaina. Ko waiwaye bai yi ba. Yana shiga ya buga agogon a kan gilashi, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, Larabci na ƙarewa ya ci gaba da Hausa. Ya ce an sayar wa ɗansa gwangwani da sunan agogo, ya ce da yaron nan ya mutu da sai sun tsaya gaban alƙali, in alƙali bai isa ba akwai gaban Allah. Mutane suka fara taruwa a bakin ƙofa.

Bahadramen ya ɗauki agogon, ya taɓa ɗan kan, ya dube ni. Na kashe masa ido, na girgiza kai, na yi duk alamar da ɗan Adam zai iya yi da fuska. Ko bai gane ba, ko ya gane mutuncin shagonsa ya fi masa, oho.

"Ya Hajji," ya ce, "wa ya saita agogon nan na ƙarshe?"

"Ni nan!" in ji Baba, har da dukan ƙirji. "Daidai da kiran magariba. Ya zo daga wajenku da lokacin banza."

"Da ka gama, ka murɗe wannan?"

"A murɗe me?"

Mutumin ya nuna masa a hankali, ya danna, ya murɗa, ya warware, ya sake murɗawa. Baba ya daɗe yana kallon yatsun mutumin. Sannan ya juyo gare ni, ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Ɗan nan, ni ne?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, ta ƙi fitowa. Na ce, "Baba, ni aka nuna wa, ni ban nuna maka ba." Ya gyaɗa kai. Tausayinsa ya kama ni fiye da yadda na tausaya wa kaina a ƙasan teku. Na zaci zai fita ne kawai. A'a, sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce wa mai shagon, "Allimni. Koya mini." Dattijon da ya shekara yana saita agogon masallaci ya zauna gaban jama'a yana murɗawa yana warwarewa, har Bahadramen ya ce halas ya Hajji, ka iya, za ka cinye mini kaya.

An aika agogon Jidda aka gyara. Bai sake saita mini shi ba, bai kuma ce in daina nutso ba, ko da yake na san yana so. Abin da ya koma yi shi ne, duk asubar Alhamis sai in tarar da shi a bakin ƙofa. Ya kama wuyan hannuna, ya sa yatsu biyu ya murɗe ɗan kan nan da duk ƙarfinsa, yana cije leɓe, sannan ya ce, "Yalla, Allah ya tsare." Murɗin da yake yi ya kai in ina son gyara lokaci sai na nemi filaya. Haka muka yi har ƙarfinsa ya ƙare.

Masu sha'awar nutso sukan tambaye ni wane agogo za su fara saya. Nakan ce ƙarfe ya fi zinariya, kuma ku riƙa kallon ma'aunin iska ko da mummuna ne. Amma abin da makon nan ya koya mini ya wuce haka. Mai ƙaunarka ba zai bar kayanka ba, sai ya taɓa, don a ganinsa gyara maka yake yi. Ɓoye masa ba ya hana shi, faɗa ma ba ya hana shi. Tun ranar farko ka zaunar da shi ka nuna masa yadda ake rufewa.