Teburin Gwaggo Wanda

Gwaggo Wanda Kisner ba ta taɓa sa kaki ba, ba kuma malamar daji ba ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a kudancin Pennsylvania har ta yi ritaya. Amma a sansanin farautar dangin matata, babu bindigar da ke shiga daji sai ta bi ta teburinta.

Duk shekara idan jiha ta fitar da ɗan littafin dokokin farauta, ita kaɗai na sani da ke karanta shi daga bango zuwa bango, da jan biro a hannu. Mu sauran sai mu duba ranar buɗewa, mu wurga shi bayan kujerar mota. A bayan idonta maza na kiranta Alƙaliya. A gabanta kuwa sai ka ji, "Gwaggo, a ƙaro miki kofi?"

Ita ƙanwar Virgil ce, surukina. Ni kuma an haife ni a West Virginia, mil tara kacal daga sansanin, tsaunukan ɗaya, barewar ma ɗaya. A shekarar da na yi aure na koma wajensu, babana ya rasu. Ya bar min gajeriyar bindigarsa ta soja, irin mai ɗura kanta: ka ja kunama ta tashi, ta tofar da kwanso, ta ɗauki wani harsashin ba ka taɓa komai ba. Da ita ya ciyar da mu nama duk hunturu. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Dewey, kada ka rataye ta a bango kamar hoto. Ka kai ta daji bana." Na yi masa alkawari.

Ranar Lahadi bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, jajiberin buɗe farauta, da la'asar, kowa ya ajiye bindigarsa a kan tebur kamar yadda aka saba. Na ajiye tawa ina ta hura hanci. Gwaggo ta ɗauka, ta ja ƙarfen baya ta sake shi, ya koma da kansa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan tsallake, wannan ba ta fita gobe."

"Saboda me?"

"A nan ba a harbin barewa da mai ɗura kanta. Sai wadda kai ne ke ɗura mata da hannunka."

"Haba, Gwaggo! Barewar da ke kwana a nan, a gonar babana take karyawa."

"Barewa ba ta da lasisi. Kai ke da shi."

Aka kwashe da dariya. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce alkawari ne na ɗauka wa mamaci, kuma wane ne zai ganni a cikin wannan ƙungurmin daji?

"Idan malamin daji ya ganka, ya tafi da ita, me za ka gaya wa mamacin?" Ta nannaɗe bindigar a bargo, ta kulle a akori-kurarta, ta jefa makullin a aljihu. Sannan ta miƙo min wata doguwa, ta mijinta marigayi Harlan. "Riƙe. Tana ɗan karkata hagu."

Na fita waje ina huci, na tarar da Virgil yana faskare. Bai ɗago ba ya ce, "Ka san me ya sa take haka?" Shi ya ba ni labarin. Harlan ya taɓa harbin barewa ba ta mutu ba, sai ya zaro ƙaramar bindigar hannu daga ƙugunsa ya ƙarasa ta, don tausayi. Da libarba ce da ba laifi, amma tasa mai ɗura kanta ce. Bai san doka ta hana ba, Gwaggo ma ba ta sani ba. Aka hana shi farauta shekara biyu. A cikin ta biyun zuciyarsa ta tsaya. Kakar farautarsa ta ƙarshe a bakin taga ya yi ta, yana kallon mafarauta suna wucewa da jajayen rigunansu.

Na ji tausayi, amma kada in yi ƙarya, fushina bai sauka ba.

Washegari wani namijin barewa mai ƙaho mai reshe takwas ya tsaya a gabana kamar an aiko shi. Na harba, na manta zancen hagu, na ɓare wa wata bishiya ɓawo. Na sake jan kunama, shiru, don na manta ni ne zan ɗura. Da yamma aka yi min abin da ake yi wa duk wanda ya kuskure: suka danne ni, suka yanke gindin rigata da wuƙa, suka kafe shi a bango da sunana. Gwaggo ce ta rubuta kwanan wata, da jan biron nan nata.

Kwana uku ban yi mata magana ba.

Ranar Juma'a da sassafe na ji hon a ƙofar gida. Ita ce, da bindigata cikin bargonta a kujerar gaba, da wani ɗan littafi a kan cinyarta duk jan layi. Na duba bangonsa: na West Virginia ne.

"Shigo, mai guntuwar riga. A jiharku sai gobe ake rufewa, kuma can sun yarda da irin taka. Na karanta sau biyu, na kuma buga waya na tambaya. Lasisin baƙo za ka yanka, don yanzu kai namu ne."

Ni da aka haifa a can, ko a mafarki ban tuna ba. Fushi ya rufe min ido.

Muka tsaya a kanti na yanki lasisin, muka hau har bayan gonar babana. Ta kashe mota, ta zuba kofi.

"Ba za ki zo ba?"

"Ni ba ni da takardar nan jihar. Kuma wannan tsakaninka da tsohonka ne. Je ka."

Na zauna a gindin bishiyar da babana yake zama. Inda babban yatsansa ke kwanciya a jikin katakon bindigar ya goge har ya yi santsi, na ɗora nawa a wurin. Wajen ƙarfe goma wani ɗan madaidaicin namijin barewa ya fito daga kwari. Harbi ɗaya na yi. Da na je na same shi kwance, sai na durƙusa a cikin dusar ƙanƙara na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na jawo shi bakin hanya, tana tsaye jikin mota. Ta dubi fuskata. Ta duba ko na cike takardar shaidar da doka ta tanada na ɗaura masa daidai, ta gyara min harafi ɗaya.

Na ce, "Gwaggo, na gode. Ban san yadda zan..."

"Cire harsashin kafin ka sa bindigar a motata," in ji ta. Ta juya tana share tabarau da gefen riga, ta daɗe tana sharewa. "Da wani ya karanta wa Harlan shafi ɗaya kawai, Dewey. Shafi ɗaya."