Bakaniken Da Aka Bari A Sama

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Hamisu, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen tuna inda ya taɓa jin sunan, ba sananne ba ne. Ma'aikacin wata masaƙa ne a Challawa ta Kano, cikin jama'ar nan da jiniya take kira su fito daga Panshekara a kan kekuna, kwanon abinci ɗaure a kariya. Ni ƙanwarsa ce, a gidansa na yi karatun da ya mayar da ni malamar makaranta. Na daɗe ban ce komai a kansa ba, sai bana da na kalli wani tsohon fim wanda ya hana ni sukuni.

Yaya mayen silima ne. Babanmu a ƙauye har ya bar duniya bai sani ba, domin a lokacin duk wanda aka gani a ƙofar silima ɗan iska ne, ko da shi yake jan salla a wurin aiki. Mu mata kuwa ko zancen zuwa ba a yi. To sai ya zama shi ne silimarmu. In ya taso daga aikin safe, ya wanke audugar da ta cika masa gashi da gira, bayan la'asar sai ya tsaya a ƙofar zaure, mu mata muna tsakar gida, maza suna cikin zauren, ya shiga ba da labarin abin da ya gani. Turanci? Ina! Ban da zagin foman, mai kula da su a wurin aiki, ba wanda yake ji. Hoto yake kalla, ya raɗa wa kowa suna, ya sa masa magana a baki. Abokin aikinsa Bitrus, mutumin Filato, ya taɓa sakandare kuma tare suke zuwa kallon, amma bai taɓa gyara masa ko kalma ɗaya ba. Sai dai ya yi murmushi yana kallon ƙasa.

Fina-finan Indiya da na Cana duk mun sha su a bakinsa, amma ba wanda ya shiga ransa kamar wani fim na yaƙi a sararin samaniya. Silimar ba ta da rufi, ya ce in ka ɗaga kai ba ka sanin inda taurarin bango suka ƙare na Allah suka fara. Kashi na farko ya ba mu shi da dariya, yana kwaikwayon kukan jirage har kajin Hajara matarsa suna watsewa. Na biyun ne ya zame masa ciwo. Bitrus ya yi ta karɓa masa aikin rana don ya koma ya sake gani.

Na taɓa tambayarsa me ya gani a na biyun, tunda kowa ya ce mutanen kirki aka ci da yaƙi. Ya ce, "Malama, ai daɗin ke nan." Tun ina ɗaliba haka yake kirana don tsokana. Ya ce a sauran fina-finai tun kafin ka zauna ka san jarumi zai yi nasara ya auri yarinya, amma wannan ya nuna ɗakin inji. Bututu yana yoyo, mutane suna gumi, baƙin mai har wuya, kamar a masana'antun Sharada ko Bompai aka ɗauka. Akwai wani da ya sa wa suna Bakanike, shi ne mai gyaran injin babban jirgin. Da abokan gaba suka rutsa su a wata tasha da ke rataye a sama, sai Bakanike ya sauka ya kwance abin da ya riƙe jirgin, jirgin ya tashi ya bar shi, iskar tulun da ke bayansa tana ƙarewa. A nan Yaya yake sassauta murya. Sai ya ce Sarkin Jirgi ya manna tafin hannunsa a gilashi ya ce, "Ka riƙe numfashinka, ɗan'uwa, wallahi za mu dawo." Nan fim ya ƙare. Mu kan yi kuka, mazan zaure su yi ta gardama kan yadda za a ɗauko shi a na uku.

Shi kansa a lokacin numfashin nasa ya fara gajarta. Aikinsa a ɗakin da ake barbaza auduga ne kafin a kai ta injin kaɗi, inda ƙura take tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Akwai takunkumin rufe hanci a kamfanin, na rantse akwai, amma sai ranar da baƙi za su zo dubawa ake raba shi, suna fita a bi a karɓe. Abin da ake ba su kullum gwangwanin madara ne, wai tana wanke ƙirji. Kun ji fa! Madara ta bi ta ciki, ƙura ta bi ta huhu, a ina za su haɗu? Su kuwa bayin Allah sun yarda, Yaya ma yakan sha rabi ya kawo wa ɗansa Nura rabi.

Da aka shiga lokacin tsuke bakin aljihu, masu tari aka fara tsamewa. Ba a ce an kore su ba. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je gida ya huta, da zarar ya warware za a aiko a kira shi, gurbinsa yana nan. Kullum da safe sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure inda zai riƙa ganin hanya. Bitrus kaɗai yake zuwa, shi ma ba aike ya kawo ba, sai lemo da labarin waɗanda aka sake sallama.

Wata rana da yamma na zauna ina masa fifita, tsoro ya cika ni, na ce, "Yaya, anya za su aiko kuwa?" Ya yi dogon tari, ya ce, "Haba Malama, ko Bakanike ai an ce za a dawo masa. Ke dai ki ci jarrabawarki." Na yarda. Da wannan maganar na koma makaranta hankalina kwance, a can kuma aka je aka gaya mini ya cika. Ba wanda ya zo daga kamfani ko gaisuwa. Kashi na uku ya iso Kano bayan an yi sadakar arba'in, Bitrus ya ce shi kam ya gama da silima.

In da Yaya zai leƙo yau, ban san me zai fara ba shi mamaki ba. Silimarsa ta zama rumbun ajiye kaya. Masaƙar da ta cinye masa huhu an rufe ta, ciyawa ta fi katanga tsawo, wani ɓangaren kuma a ciki ake jibge atamfar da ake shigowa da ita daga waje. Ɗansa Nura, wanda ya bari yana koyon magana, yanzu magidanci ne mai furfura, kuma irin wannan atamfar yake sayarwa a kasuwa. Sana'ar da Yaya yake yi kyauta a ƙofar zaure, ta sa wa baƙin fim Hausa a baki, yanzu samari suna cin abinci da ita har da sayen motoci. Na san zai yi dariya ya ce sun cika surutu, ba su san inda ake yin shiru ba.

Watan jiya Nura ya zo gidana da fim ɗin a waya, ya haɗa da talabijin. Ya ce, "Gwaggo, tun ina yaro kuke ba ni labarin Bakanike, yau dai mu gani da idonmu." Muka zauna. Komai yana nan yadda Yaya ya faɗa, bututun, gumin, tashar, har tulun iskar. Aka zo wurin. Bakanike ya sauka, ya kwance jirgin. Sarkin Jirgi ya ce a rufe ƙofa, nauyi ya ragu, a ƙara wuta. Bai je kusa da gilashi ba. Ko waiwaye bai yi ba.

Nura ya mayar da wurin baya, muka sake kallo. Ya juyo ya ce, "Gwaggo, ina inda ya ce za su dawo?"

Na ce, "Babu. Ubanka ne ya faɗa."

Na so in ce rashin jin Turanci ne, amma ba a buƙatar Turanci kafin a ga mutum ya juya baya. Yaya ya gani, ya koma ya sake gani, ya san sarai yadda manya suke tafiya su bar mai gyaran inji, shi ya sa fim ɗin ya kama shi. Sai da ya zo ƙofar zaure ya dubi fuskokinmu, ya ga ba zai iya ba mu shi haka ba. Ranar da nake masa fifita ma ya san ba za a aiko ba. Na kuma gane murmushin Bitrus, wanda ban san ko yana raye ba ballantana in gode masa.

Ban yafe wa masu madarar nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe a shafin jarida ba. Ba su bar wa Yaya komai ba, ko sunansa ban jin akwai wanda ya riƙe a cikinsu. Abin da ya rage nasa shi ne ni, da na zauna na rubuta jarrabawa da kwanciyar hankalin da ya ƙera mini da ragowar numfashinsa, na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane. Nura ya ce na ukun ma yana cikin wayar, ko ya saka mu ga yadda aka ƙare. Na ce ya bari. Ko sun dawo wa Bakanike, a fim ne. Yayana kam yana kallon hanya ya mutu.