Babbar Riga a Gonar Inabi

A Agege aka haife ni, kuma a nan nake sana'ar goro kamar yadda mahaifina ya yi. A unguwarmu mai rufin asiri ba ya tafiya da ƙafa. Ko masallacin Juma'a za ka, mota za ka shiga, ko da mai ƙafa zai riga ka isa ya yi nafila ya miƙe ƙafafu, kai kana cikin gosulo kana sharce gumi. Irin mutumin da ƙanina ya gayyata zuwa Faransa ke nan.

Karatu ne ya kai ƙanin nawa can, ya samu aiki, ya auri 'yar ƙasar. Da suka samu ƙaruwa ya matsa sai na zo na ga jaririn, tunda ni ne a madadin uba. Labari ya zaga unguwa tun kafin biza ta fito. Tela ya ɗinka mini babbar riga ta shadda mai ruwan bula, na sayi takalmi sau-ciki mai tsinin baki. 'Yan majalisarmu, dattawan da muke zama tare a kan benci bayan la'asar, suka yi mini addu'a, kowa ya ba da saƙonsa. Wannan turare, wancan agogo, wani kuma ya ce in duba masa ko Turawa sun fara cin goro.

Ashe ƙanina ba a Paris yake ba. Daga filin jirgin sama jirgin ƙasa muka hau zuwa wani ɗan gari da ko hon ɗin mota ba a ji. Na ga jariri, na yi masa addu'a, na huta. Sai wata safiya ƙanina ya shigo yana murmushi.

"Yaya, surukina ya shirya maka karramawa. Ba kowane baƙo yake yi wa haka ba."

Na fito da babbar rigata, na kafa hula, na zura sau-ciki. Ƙanina ya dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, da ka sa wani abu marar nauyi."

"Karramawa ka ce. Ba zan je gaban surukinka kamar ɗan dako ba."

Surukin ya iso. Dogon tsoho ne siriri, malamin makaranta da ya yi ritaya, sanye da gajeren wando, ga jaka a baya, ga sanduna biyu a hannu. Tausayinsa ya kama ni, na ce a raina lallai fansho ko'ina haka yake. Amma motar da ya ɗauke mu a ciki, ko shugaban 'yan goro na kasuwarmu bai da irinta. Muka fita bayan gari, ya faka ta a gindin wata bishiya, ya kulle, ya juya mata baya ya kama wata 'yar siririyar hanya.

Na riƙo hannun ƙanina. "Ina za mu?"

"Tafiya, Yaya. Za mu kwana a garin da ke bayan tsaunin can, gobe mu ci gaba."

"Babu titi ne zuwa garin?"

"Akwai, mai kyau ma."

"To mai ne ya ƙare?"

"Tanki cike yake. Ita tafiyar ce karramawar."

Na daɗe ina kallonsa. Yaron da na biya wa kuɗin okada har ya gama sakandare don kada a ce ɗan gidanmu yana taka ƙasa, yau shi ne ya ɗauko ni a jirgin sama don in zo in yi aikin fatake.

Muka kama hanya. A jikin bishiyoyi da duwatsu na riƙa ganin fenti ja da fari. A Legas in ka ga jan fenti a jikin abu, to gwamnati na nan tafe da katafila. Na tambaya ko rusau za a yi, ƙanina ya ce alama ce don kada matafiya su ɓata. Wato akwai wanda aikinsa ke nan, ya bi daji yana shafa fenti domin masu motoci su ji daɗin wahala.

Can muka ɓullo wata gona da ban taɓa ganin irinta ba. Inabi ne layi-layi, ya hau tudu ya gangara, har inda ido ya tsaya. Raina ya yi fari. Na ɗaga hannu na yi wa mai gonar addu'a da ƙarfi, Allah ya sa albarka, Allah ya ninka masa amfaninta, Allah ya kawo masu saye daga ko'ina. Tsohon ya tambayi abin da nake faɗi, ƙanina ya fassara, ya kama hannuna yana girgizawa cike da murna. Sai na ce, "Amma duk wannan inabin wa zai cinye shi?"

Ƙanina ya sosa ƙeya. "Ba ci ake yi ba, Yaya. Giya ake yi da shi."

"Duka?"

"Duka."

Na tsaya cak. Addu'a ta riga ta tafi, kuma da zuciya ɗaya na yi ta. Har muka fita daga gonar ina istigfari, ina ƙoƙarin bayyana wa Ubangiji cewa ganyen nake nufi.

Daga nan sai daji. Ni kuwa duk abin da na sani game da daji, wuri ne da direba ke ƙara wuta, fasinja su yi shiru. Ina tafe ina waiwaye, rigata tana kama ƙaya, takalmin yana cin dunduniyata. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya yi murmushi ya gaishe mu, har da wata tsohuwa ita kaɗai da ɗan karenta, ba ta ko waiwaye. Da muka zauna cin abinci aka miƙo mini burodi mai taurin icce da cuku mai warin da a gidana da an zubar. Don in rama alheri na ɓare goro na ba tsohon. Ya tauna, fuskarsa ta yamutse, ya ce madalla. Kuskuren da na yi ke nan, domin goron na kama shi ya ƙara sauri, muka koma bin sa da ɗan gudu.

Ba zan ɓoye ba, da lokacin salla ya yi na shimfiɗa babbar rigar a ƙarƙashin wata bishiya, tsohon ya cire hularsa ya koma gefe ya tsaya shiru har na idar. Ba janareta, ba kwandastan bas ɗin danfo mai kiran fasinjojin Oshodi, sai tsuntsaye. Rabon da in ji karatun bakina haka tun ina yaro. Daren nan kuma na yi barcin da na manta akwai irinsa, na farka da niyyar ci gaba, na ari takalman tafiya na zura.

Garin da muka ƙare a cikinsa tsoho ne tukuf. Lunguna matsattsu, katangu sun karkace, wata hasumiya rabinta ya zube. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna ta ɗaukar hoto. Tsohon ya nuna mini wani bango yana alfahari da cewa ba a taɓa shi ba tun zamanin kakannin kakanninsa. Na ce wa ƙanina ya gaya masa muna da irinsa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege, sai dai mu ba mu san abin alfahari ba ne.

Da na dawo gida majalisa ta cika. Aka karɓi wayata ana zagayawa da ita. Hoto na farko daji, na biyu gona, na uku ni ne zaune a kan dutse ina duba tafin ƙafata.

Wani Alhaji mai tireloli a Apapa ya ɗago kai. "Ina dogon ƙarfen nan nasu da kowa ke hoto a gabansa?"

"Ban je wajen ba."

"To wannan ai tsaunin Mambila ne. Ka gaya mana gaskiya, bizar ce ba ta fito ba?"

Sai da na nuna hoton jaririn a hannun uwarsa Baturiya kafin aka yarda, shi ma ba kowa ba.

Abin da ban gaya musu ba shi ne ƙafata ta koyi wani abu. Bayan 'yan makonni na bar mota a gida na taka zuwa kasuwa. Ban yi nisa ba masu okada suka yi mini caa, "Oga, ina zuwa?" Wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ta leƙo daga shagonta tana yi mini sannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kafin azahar labari ya kai gida cewa na sayar da mota. Da yamma Alhajin tireloli ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Mu 'yan'uwan juna ne. In kasuwa ce ta juya, kada ka ji kunyata."

Na rantse masa lafiya lau nake, don jin daɗi nake tafiya. Ya girgiza kai, ya ce haka mai zurfin ciki yake cewa. Washegari buhun shinkafa ya iso gidana. Uwargida ta karɓa ta yi godiya, sannan ta shigo ta same ni.

"Alhaji, ka zaɓa. Ko ka shiga motarka, ko ka nemi inda za ka kai mu mu ɓuya don kunya."

Yanzu duk ranar Lahadi bayan asuba nakan tuƙa motata zuwa wata unguwar masu kuɗi a Ikeja, inda ba wanda ya san ni. In faka, in kulle, in yi ta zagaya layukansu tare da manyan mutane masu gajeren wando. Masu gadi har sara mini suke yi. Shinkafar kuwa mun cinye ta, mai kyau ce.