Taraktar da Ta Zauna da Ni a Hanyar Wankan Yayata

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Ƙofar Gayan, ni da babban ɗana. An bugo waya cewa yayata ta rasu a ƙauyen da take aure, can bayan Kufena. Tun tana da lafiya ta ce mini, ran da ta cika, kada hannun kowa ya wanke ta sai nawa. Na amsa mata. Ga shi mutanen ƙauye ba sa ajiye gawa ta wuce hantsi.

Mota ta kai mu ƙarshen kwalta ta tsaya. Damina ta cinye sauran hanyar, ko 'yan acaɓa sun ƙi. Wani mai ƙosai na ta kiran ciniki, ban iya kallonsa ba. Sai ƙananan taraktoci biyu masu jan tirela, za su ɗauko masara. Ɗaya tayarta ta baya ta kawo mini ƙirji, akuya ma za ta wuce ta ƙarƙashinta. Ɗayar kuwa gajera, taya iya ƙuguna, tsakanin cikinta da ƙasa bai fi taƙi ba.

Ɗana ya ce mu hau doguwar. Na dubi gwiwoyina, na ce gajerar.

"Hajiya," in ji mai doguwar, "wannan ta gonar tumatir ce fa."

Na ce ba tumatir ya kawo ni ba.

Muka tafi, muka tafi. Manyan motoci sun haƙa ramuka biyu a hanyar, tsakiya ta yi doro. Can sai ji na yi ƙuuu! Ta zauna a kan doron nan daram, tayoyi na juyawa suna watsa laka, mu ko motsi. Direba ya cusa itace, ya cusa dutse. Rana tana hawa. Waya ta sake kuka: liman ya iso, an gama kabari.

Ban yi kuka ba. Na tsaya cikin taɓo ina salati har doguwar ta iso da ruri. Maza biyu suka cicciɓe ni kamar buhun gero, suka ɗora ni a tirelarta. Doron da ya riƙe mu, ta bi ta kansa ko gogarsa ba ta yi ba.

Na tarar da maza tsaye a zaure, fuska a ɗaure. A ciki kuwa wata tsohuwar maƙwabciya ta zauna a bakin ƙofar ɗakin da gawar take, ta miƙe ƙafa.

"Sau biyu ruwan ya huce," ta ce. "Na gaya musu sai dai su tsallake ni."

Na wanke laka daga hannuna, na wanke yayata.

Bayan sadakar uku na dawo gida Zariya, a doguwar, turmi aka ajiye mini na taka na hau. Ku da za ku shiga ƙauye da damina, ku sunkuya ku leƙa ƙarƙashin abin hawa tukuna. Ni sauƙin hawa na duba, kuma da tsohuwar nan ta janye ƙafarta, da na je lahira da alkawari a wuyana.