Ranar da Malam Ya Koyar da Matacciyar Kalma

Shekara biyu na yi ina taya wani dattijo ɓoye cewa idonsa ya daina ganin rubutu. A wata makarantar sakandare ce a Bodinga, zamanin mulkin farar hula na biyu. Ni sabon malamin Turanci ne a lokacin, shi kuwa ya fara koyarwa tun Turawa ba su tafi ba, ya girme ni da kusan shekara talatin. Kowa Malam yake ce masa, har shugaban makarantar, wanda shi ma ɗalibinsa ne a da. Ni kuma in muna mu biyu ɗana yake ce mini.

Gidansa a Shagari yake. Yana da ɗaki kusa da makaranta inda yake kwana ranakun aiki. In an sauko Juma'a sai in ɗauke shi a babur ɗina in kai shi gida, ranar Lahadi da la'asar in koma in ɗauko shi. A kan babur ɗin nan na fara gane matsalar. Wata Juma'a muka wuce garken shanu a gefen hanya, sai ya tambaye ni me mutanen can suka taru suke yi. Na ce shanu ne. Da muka kusa shiga gari sai ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Muka sauka a gindin wata bedi.

"Ɗana, ba ni ganin baƙi yanzu," in ji shi. "Mutum ina ganin inuwatai, amma rubutu ya tahi. Kak ka hwaɗa ma kowa."

Na yi masa alkawari nan take, ban tsaya na yi tunanin abin da na ɗauka ba.

Daga nan muka tsara yadda za mu yi. Da safe kafin a shiga aji nakan je in rubuta masa darasin ranar a allo. Littattafan da yake koyarwa duk ya haddace su, sai ya riƙe littafi a buɗe yana karantawa da ka, yana juya shafi a inda ya dace. Bayan azahar in je ɗakinsa da takardun ɗalibansa, in karanta masa abin da kowa ya rubuta, ya faɗi gyara da maki, ni kuma in sa da jan biro. Ɗaliban sun sani, ina da tabbas, domin babu wanda ya taɓa miƙa masa littafi ya ce ya duba masa wani layi. Shugaba ma ya sani, yana kau da kai ne kawai.

In mun gama aikin takardu sai ya ce in ɗauko masa ƙamus. Wani ƙato ne mai juzu'i biyu da wani Bature malaminsa ya bar masa da zai koma ƙasarsu, bangonsa ya ɓalle an ɗinke da zaren buhu. Abin da Malam yake so a ciki shi ne kalmomin da aka sa wa alamar sun mutu, waɗanda Turawan da kansu suka daina faɗa. Yakan gaya mini harafi da wajen da zan duba a shafi, kuma da wuya ya kuskure.

A haka ya sa na nemo masa wata kalma, fellowred. Ban taɓa jin ta ba. Na karanta masa ɗan bayanin da ke ƙarƙashinta, cewa tsohuwar kalma ce ta zaman abota, ko taron abokan tafiya, kuma an bar amfani da ita tun ɗaruruwan shekaru, wata 'yar'uwarta mai wutsiya dabam ta gaje wurinta. Sauran bayanin shi ya yi mini da bakinsa. Ya ce kan kalmar, wato fellow, aro ne daga bakin wasu mutanen arewa masu zuwa ƙasar Ingila a jiragen ruwa, kuma asalin ma'anarsa mutumin da ya zuba dukiyarsa wuri ɗaya da taka. Kalmar da suke kiran dukiya da ita kuwa, ita ce ta dabbobin kiwo, kamar yadda Bafulatani in ya ce dukiya shanu yake nufi. Wutsiyar kuma, wannan red ɗin, ba ta da alaƙa da jan launi, tana nufin hali ko yanayi. Ya ce wutsiyar tana nan da rai a kalmar Turawa ta dangi da kalmarsu ta ƙiyayya, amma a ta abota ta faɗi. Wannan yana ba shi dariya ƙwarai. Mun daɗe muna gardamar yadda za a faɗe ta da Hausa. Ni na ce abota ta isa. Shi ya ce abota ta yi sauƙi, zumunci kuma ya karkata wajen jini, abin da ya fi kusa shi ne a ce haɗa garke.

Ana haka zamani ya fara tsanani. Sabulu da madara da shinkafa suka zama sai an yi layi, man fetur yau akwai gobe babu. Ciwon bushiya ya shiga shanu, mukan wuce mushe a hanyar Shagari har mu toshe hanci. Damina ta zo ba ta yi kyau ba, geron Malam bai kai rabin na bara ba. Matata ta haifi 'yarmu ta fari a tsakiyar wannan hali. Sai kuma sojoji suka karɓi mulki. Shagari, garin shugaban ƙasar da aka hamɓarar, ta yi tsit a makonnin nan, mutane suna magana ƙasa-ƙasa ko a kasuwa, aka kafa shinge a hanya inda ake sauke mu a duba takardun babur.

Ba a daɗe ba aka fara raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Aka ce tsofaffi da marasa lafiya za a fara sallama, wasu suka ce har da duk wanda aka kama yana rufa wa wani asiri. Kullum a ɗakin malamai da sabon labari, a ce an kori mutum kaza a wata makaranta, a ce an sa wani shugaba tsallen kwaɗo a gaban ɗalibansa. Ban san nawa ne gaskiya a ciki ba, amma ni duk na yarda da su. Abinci ya daina shiga mini. Kowace takarda ta ajin Malam kuwa rubutun hannuna ne a kanta da jan biro.

Na roƙe shi ya ajiye aikin da kansa tun da mutunci. Ya ce 'ya'yansa mata biyu suna makaranta, rumbu kuma babu komai, in ya ajiye yau me za a ci gobe. Ya ce mu ƙara haƙuri zuwa ƙarshen shekara. Ban musa masa ba, amma na fara jin haushinsa a raina. In ya ce in ɗauko ƙamus sai in ce ina sauri. A kan babur mukan yi tafiyar gaba ɗaya ba mu ce wa juna komai ba ban da gaisuwa.

Masu binciken sun zo ranar Talata da hantsi ba tare da sanarwa ba. Su uku ne, biyu da manyan riguna, ɗaya da kakin soja. Ba ni da darasi a wannan lokacin, shugaba ya ce in raka su ajujuwa. Muka shiga ajin Malam. Na tsaya a baya na jingina da bango. Babban cikinsu, wani mai tabarau da ba ya ɗaga murya, ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya tako ya karɓi littafin daga hannun Malam, ya ba shi wata takarda da aka buga da keken rubutu, ya ce ya yi wa ɗalibai shifta da ita.

Malam ya riƙe takardar. Sai ya ninke ta ya ajiye a kan tebur, ya ce da Turancinsa mai tsabta a yi masa izini ya cika wani darasi da ya yi wa ɗalibai alkawari a kan wutsiyar kalmomi. Bai jira amsa ba ya lalubi alli ya juya ga allo, ya rubuta fellowred da manyan baƙaƙe. A kan rubutuna na safe ya rubuta ta, layin ya karkace ya gangara ƙasa.

Ban taɓa jin ya koyar kamar ranar ba. Ya ba su labarin mutanen jiragen ruwa da dabbobinsu, ya raba kalmar biyu, ya sa ɗalibai suka nemo kalmomi biyun da wutsiyar ta rage a jikinsu, suka samo da kansu. Ya tambaye su kalmomin Hausa da kakanninsu ke faɗa su ba sa faɗa, hannuwa suka tashi ko'ina, yana gane su da muryoyinsu yana kiran sunayensu. Sojan ma na ga ya ciro biro ya rubuta wani abu a bayan hannunsa. Mai tabarau bai katse shi ba har aka kaɗa ƙararrawa. Ya ɗauki takardarsa a ninke ya fita.

Bayan azahar aka kira ni ofishin shugaba. Takardun ajin Malam suna zube a kan tebur. Mai tabarau ya tambaye ni rubutun wane ne da jan biro, na ce nawa ne. Ya tambaye ni shekarata nawa da fara aiki, da ko ina da iyali, na faɗa masa. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Yana gani?"

"Ba shi ganin rubutu, ranka shi daɗe," na ce. Ya ci gaba da kallona, bai ce komai ba, ni kuma shirun ya fi ƙarfina, sai na ƙara da cewa, "Shi ya roƙe ni in taimaka mai."

Gaskiya ce na faɗa, amma babu wanda ya tambaye ni ita. Shugaba yana zaune a gefe kansa a sunkuye. Aka ce in tafi.

Mako shida muka yi muna jira. Ban gaya wa Malam abin da ya faru a ofis ba, shi ma bai tambaya ba. Na ci gaba da rubuta masa allo, ina kai shi gida ina ɗauko shi, hannunsa a kafaɗata. Duk motar da ta tsaya a ƙofar makaranta sai in leƙa in ga ko saƙo ne ya zo. Matata ta gaji da tambayar abin da ke damuna ta bari. Da takardar sallama ta zo sunan Malam yana ciki tare da wasu biyu. Ni wasiƙar gargaɗi aka ba ni. Sawu biyu na yi na kwashe masa kaya zuwa Shagari, ƙamus ɗin a sawu na biyu, ɗaure a bayan babur.

Daga nan na yi wata uku ban taka Shagari ba. Ina cewa babu man fetur, alhali ko da akwai ba zan je ba. Sai wata rana wani mai sayar da albasa maƙwabcinsa ya tare ni a kasuwar Bodinga ya ce Malam yana tambayar ko lafiya. Juma'ar nan na tafi.

Na same shi a zaure a kan buzu, ya rame. Ya gane ni tun daga ƙarar babur. Bayan mun gaisa na zauna a ƙasa na faɗa masa duk abin da na ce a ofis, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama.

"Tun ranan nan shugaba ya hwaɗa min," in ji shi. "Da ka ce ina gani, da sun kira ni sun ba ni takarda gabanka, mu tahi mu biyu. Wannan ba komi." Ya shafa buzun. "Amma da kac ce ni na roƙe ka, wagga kam ta yi min zahi."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji, ya kuma ce shi ma ya ɗora mini abin da bai kamata a ɗora wa mai sabon iyali ba. Bai ce ya wuce ba, ni ma ban matsa ba. Ya ɗaga murya ya ce a kawo mana fura.

Na koma zuwa duk bayan mako biyu. Ba mu koma yadda muke a da ba gaba ɗaya, akwai ɗan nauyi da ya rage tsakaninmu, amma muna hira, ina karanta masa wasiƙu da duk abin da ya ce in karanta. Ya sayar da gona ɗaya ya riƙe 'yan matan a makaranta. Bayan shekara biyu wasu likitocin ido suka zo Sakkwato, babban ɗansa ya kai shi aka yi masa aiki a ido ɗaya. Ganin ya dawo kaɗan, yana iya karanta manyan baƙaƙe in ya kusanto da takarda. Ranar da na je yi masa barka ya riƙe fuskata ya juya ta wajen haske ya daɗe yana kallo, ya ce ashe ni ma na fara furfura.

A ƙarshen shekarar aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisa a gabas, inda sai an yini a mota. Na je na yi masa sallama, ya rako ni har bakin hanya da sandarsa, abin da bai taɓa yi ba. Sau uku na samu zuwa bayan haka. Zuwa na huɗu na gaisuwar rasuwarsa ne, kwana biyu bayan an yi jana'iza, domin saƙon bai iso ni da wuri ba.