Cha'ibu Wanzami da Keken da Aka Sa wa Wuta

Duk wanda aka haifa a ƙauyukan da ke tsakanin Bawdeta da Hawandawaki, in dai yau ya isa aure, da wuya in ba askar Cha'ibu Wanzami ce ta fara taɓa kansa ba. Gadon gidansu ne. Ubansa a kan jaki ya yi yawon sunaye, shi kuwa da ya taso sai ya sayi keke, wani baƙi mai nauyin tsiya. Da shi ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya. Zabira a kafaɗa, bakin wandon dama a ɗaure da tsumma kada sarƙa ta ci, haka kowa ya san shi. Ba shi da yawan magana, taurin kai kuwa ba a cewa komai, amma hannun nan nasa Allah ya yi masa baiwa. Jariri yakan yi barci ana yi masa aski, har a gama a shafe kan bai motsa ba.

Gwiwa ce ta ci amanarsa. Hanyoyin ƙauyukan nan rairayi ne zalla, kuma wuraren da a da yake takawa ya wuce, yanzu sai ya sauka ya tura, ya nemi gindin gawo ya huta. Ya fara makara. Suna kuwa abin safe ne: a raɗa, a yanka rago, a yi aski, kowa ya kama gabansa. Ran nan ya isa wani gida da ya aske uba ya aske 'ya'ya, sai ya tarar an gama. Ga Rabilu, wani matashin wanzami daga wajen Mayahi, yana wanke hannu, motonsa, wato babur, a ajiye a inuwa. Cha'ibu ya tsaya a ƙofar gida riƙe da keke.

Maigidan ya fito yana sosa ƙeya. “Wallahi Baba mun jira ka, har liman ya gaji da zama.”

Abin da ya fi tsorata shi ba wannan gidan ba ne. Akwai gidan Maigari Audu a wani babban ƙauye kudu da Bawdeta, gidan da in ya yi abu kowa shi yake bi. Matar jikan Maigari tana ɗauke da tsohon ciki. Cha'ibu ya sani sarai, in ya makara a wannan sunan, ƙauyen ya tafi hannun Rabilu ke nan, sauran kuma su bi baya ɗaya bayan ɗaya.

“Ka sai moto kamar kowa mana, Malam,” in ji matarsa Rakiya.

Ya ce shi da bai taɓa tuƙa moto ba, ba da furfura zai fara ba, ga isansi, man moto, kullum kuɗinsa sai tashi yake. Kuma kekensa, ya kai shi ina?

Ranar kasuwar Tasawa ya ga abin da ya sa shi yin a'uziyya a fili. Wani mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ya zo ya wuce shi a kan keke, keke dai irin na kowa, ƙafafunsa a ajiye ba ya takawa, abin kuma sai gudu yake, ba ƙara ba hayaƙi. Cha'ibu ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya shiga tambaya. Aka nuna masa shagon Lamine, mai sayar da farantan hasken rana da batura, aka ce shi ke sa wa keke wuta. Kasuwa ta zagayo Cha'ibu ya sayar da tunkiyarsa da 'ya'yanta, ya turo keken har ƙofar shagon.

Lamine ya shimfiɗa kayan a kan tabarma. “Baba, kala biyu na. Akwai mai inji a tayar gaba, akwai mai shi a ta baya.”

“Na gaba,” in ji Cha'ibu, ko tunani bai yi ba. “Kai ka taɓa ganin an ɗaure sa a bayan amalanke?”

Lamine ya yi dariya. “Bisa kwalta gaskiyarka. Amma cikin rairai gaba ba ta da nauyi, sai ta yi ta tonon ƙasa kai kana nan inda kake. Baya nan ne ka zamna, nan ne taya ka kamawa.”

Rairayi kam Cha'ibu ya san shi, don haka ya yarda. Aka zo kan batir. Ya ɗaga wannan ya jijjiga, ya ɗaga wancan, yadda ake gwada kaza a kasuwa, ya ware mafi nauyi. Lamine ya sha fama kafin ya fahimtar da shi cewa mai nauyin tsohon yayi ne, ƙaramin ya fi shi riƙe wuta, kuma ba zai nutsar da keke a rairayi ba. Nan ma ya yarda, amma fuska ta fara ɗaurewa. Dattijo bai saba yaro ya gyara masa magana sau biyu a zama ɗaya ba.

“Saura guda,” in ji Lamine. “Wanga, sai ka taka kaɗan shi ji, sannan shi kama maka. Ka bar takawa, shi ma shi bari. Wancan kuwa a hannun dama shike, murɗawa ake kamar moto. Ni dai da za ka bi shawarata, Baba, na farkon za ka ɗauka.”

“Ni da na zo da ciwon gwiwa ka ce in taka? To mi na saya ke nan?”

“Takawar wasa ce, ko ƙarfi ba ka sawa.”

“Na bi ka sau biyu. Wanga karon ni za ka bi.”

Gwiwa ya fake da ita, amma gaskiyar magana so yake Rabilu ya ga shi ma yana murɗawa. Tsufa ba ya hana mutum wannan. Lamine ya ɗaura masa abin da ya zaɓa, sannan ya nuna masa wani ɗan maɓalli a jikin batir. “Abu guda nika roƙonka. Moto in yana kunne kana jin ƙararsa. Wanga shiru gare shi, ko a kunne ko a kashe duk ɗai na. Ka sauka, ka kashe shi nan kahin komi.”

“Na ji,” in ji Cha'ibu.

Da ya shigo garinsu ƙafa a ajiye, riga na kaɗawa, Rakiya ta saki taɓarya. “Innalillahi! Malam, wa ka tura ka?” Ya yi kwanaki yana gwadawa a bayan gari, har hannu ya faɗa. Kullum ya iso ƙofar gida sai ya sauka ya kashe, bai taɓa mantawa ba. Sai dai a garinsu shi ne babba yanzu, babu sauran wanda yake durƙusa wa.

Aka haihu a gidan Maigari, namiji. Ranar suna Cha'ibu ya fita bayan asuba, rairayin da ke sa shi haki ya ratsa shi a zaune, har da ɗan murmushi. Ya isa ana cikin shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. Dattawa sun fara zama, takalma a jere gefe, ga faifan goro da dabino a gaban liman. Maigari Audu yana tsakiya cikin farar riga, tsoho tukuf, abokin uban Cha'ibu ne tun suna samari.

Cha'ibu ya yi abin da yake yi tun yana saurayi. Tun daga nesa ya sauka, domin ba a isa gaban babba a kan abin hawa. Ya turo keken hannu biyu a kan ƙahonsa, na dama a kan abin murɗawa, idonsa da hankalinsa duk suna kan Maigari, maɓallin batir ko tunawa da shi bai yi ba. Da ya zo bakin tabarma ya zare takalmi, ya durƙusa, bai saki keken ba, kamar yadda bai taɓa saki ba. To, mutum in ya yi ƙasa hannunsa na riƙe a sama, wuyan hannun baya yake juyawa.

“Ranka shi da—”

Keken ya zabura. Tayar gaba ta tashi sama, ya fizge Cha'ibu a kan gwiwoyinsa ya shiga da shi tsakiyar tabarmi. Shi kuwa maimakon ya saki sai ya ƙara damƙewa, yana damƙewa abin yana ƙara wuta. Goro da dabino suka watse. Liman ya faɗa baya rawani ya kwance. Zabira ta buɗe, asake suka zube a tsakanin ƙafafun mutane marasa takalmi. Fedar keken ta shari ƙaurin Maigari ta wuce, sai da suka daki katangar zaure sannan suka tsaya. Ko a nan ɗin ma tayar baya ba ta daina juyawa ba, tana ta watsa wa jama'a ƙasa.

“Saki! Cha'ibu, saki mana!” in ji liman.

Ya saki. Wallahi mutanen da suke wurin har yau in suna ba da labarin sai sun riƙe baki, domin ba wanda ya ji ƙarar komai, kawai gani suka yi keke ya haukace. Wani ma cewa ya yi iska ce. Jini ya ɓata farar rigar Maigari daga gwiwa zuwa ƙasa. Cha'ibu ya rarrafo zai ɗaure ciwon, aikinsa ne ai, amma tsumman ya faɗi daga hannunsa sau biyu, sai wani ya karɓa ya ɗaure.

Maigari mutumin kirki ne. Ya dube shi ya ce, “Ƙaddara ta, ɗana. Tashi. A raɗa suna, ka shiga ka yi aikinka.”

Aka raɗa, aka yi addu'a, aka tsince masa asakensa. Ya shiga cikin gida. Labari ya riga shi isa, mata sun yi cirko-cirko a tsakar gida babu mai guɗa. Inna Asiya, kakar jaririn, ta zauna a tabarma da yaron a cinya. Mai jego tana leƙe daga bakin ɗaki. Cha'ibu ya zauna, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, ya buɗe aska, ya yi bisimilla.

Hannun yana rawa. Ya dube shi kamar ba nasa ba. Ya ajiye shi a kan cinya, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Ga maɗigar yaron nan tana bal-bal a ƙarƙashin jiƙaƙƙen gashi, ga bakin aska yana kaɗawa a samanta. Tun da yake bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

“Mu ɗan jira, Wanzam?” in ji Inna Asiya a hankali, amma ta riga ta sa tafin hannunta ta rufe kan yaron.

Ya jira. Aka kawo masa ruwa ya sha, rabi ya zube a riga. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne sai ya naɗe askar ya mayar cikin zabira.

“A kira Rabilu,” in ji shi. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya sa shi.

Washegari hannun ya dawo daidai, ko alamar rawa babu. Ya mai da keken wurin Lamine, aka cire na murɗawar aka sa masa na takawa, kafin shayi ya dahu an gama. Takawar kuwa ta wasa ce, kamar yadda aka faɗa masa tun farko. Yanzu babu ƙauyen da ke yi masa nisa. Amma labari ya zaga har Mayahi, kuma yadda ya zaga shi ne hannun Cha'ibu ya mutu. Gidaje suka yi ta haihuwa, ba a aiko ba.

Bayan kaka Maigari ya aiko a kira shi. Cha'ibu ya yi wanka ya sa sabuwar riga, yana tsammanin an sake haihuwa ne. Ya tarar da tsohon shi kaɗai a zaure, sanda a gefensa, domin ƙafar ba ta koma yadda take ba. Maigari ya cire hula, ya sunkuyar da kai ya miƙa masa.

“Ni dai kai za ka riƙa aske ni har in mutu,” in ji shi. “Jarirai kam na yi magana, na sake yi. Uwayensu sun ƙiya.”

Cha'ibu ya aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Haka yake har yau: yana bin ƙauyuka a kan kekensa mai wuta, yana aske tsofaffin da suka san shi tun da. Kawunan da suka rage masa duk masu furfura ne, kuma kowace shekara raguwa suke yi.